Ganiyar ɗan wasa da zaɓen tawaga a kurket ta kwana biyar: tambayoyi da amsoshi

Wasan kurket na ƙasa da ƙasa yana da sigogi uku, kuma mafi tsufa a cikinsu shi ne wanda ake kira Tes, wanda ake ware wa kwana biyar, kowace tawaga ta shiga bugu sau biyu. An fara shi ne a birnin Melbourne a watan Maris na 1877 tsakanin Ostareliya da Ingila, kuma a yau ƙasashe goma sha biyu ne kawai ke da matsayin buga shi. A kowace daga cikinsu akwai muhawarar da ba ta ƙarewa kan wanda ya kamata a saka a fili da wanda ya kamata a ajiye. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi wannan muhawara ce.

Me ake nufi idan aka ce ɗan wasa yana kan ganiyarsa, ko kuma hannunsa ya yi sanyi?

Ana nufin abin da ya taɓuka a wasanninsa na baya-bayan nan, yawanci biyar zuwa goma. Ga mai bugu, ana duba yawan makin da ya tara da tsawon lokacin da ya ɗauka a fili kafin a fitar da shi. Ga mai jifa, ana duba yawan masu bugun da ya fitar da kuma makin da aka ci a kansa. Masana wasan suna ƙara wasu alamu da takarda ba ta nunawa: ko ƙafafun mai bugu suna motsawa a kan kari, ko yana kai sanda ga ƙwallon da ya kamata ya ƙyale ta wuce, ko mai jifa ya rage gudu bayan azahar. Ganiya aba ce mai zuwa da tafiya, ta bambanta da gwaninta, wadda ake aunawa da shekaru. Kusan duk rigimar da ake yi kan zaɓe ta samo asali ne daga gaza rarrabe waɗannan biyun.

Wa ke zaɓen 'yan wasan?

Kowace hukumar ƙasa tana da kwamitin zaɓe, wanda galibi tsofaffin 'yan wasa ne ke cikinsa. A Indiya kwamitin mutum biyar ne, kuma Ajit Agarkar ya karɓi shugabancinsa a 2023. A Ostareliya George Bailey ya zama shugaban masu zaɓe a 2021, inda kocin tawaga yake zama cikin kwamitin. Kwamiti shi ke fitar da jerin mutum goma sha biyar zuwa goma sha takwas da za su tunkari gasa, sannan kyaftin da koci su ke da babbar murya wajen tantance goma sha ɗayan da za su shiga fili a ranar wasa.

Ingila ta taɓa gwada wata hanya dabam. A Afrilun 2021 ta soke muƙamin babban mai zaɓe, wanda Ed Smith yake riƙe da shi, ta damƙa ikon duka a hannun koci Chris Silverwood. Ba a cika shekara ba tawagar ta sha kashi da ci 4–0 a Ostareliya a gasar Ashes, wato jerin wasannin Tes da ake yi tsakanin Ingila da Ostareliya, aka sallami kocin, daga baya kuma aka dawo da muƙamin mai zaɓe. Dalilin raba aikin a bayyane yake: koci yana cin abinci tare da 'yan wasa kullum, yana jin nauyinsu, yayin da mai zaɓe yake kallo daga nesa kuma yana da lokacin zuwa ganin matasan da ke tasowa a gasar cikin gida.

Me ya sa kuskuren zaɓe ya fi tsada a Tes fiye da a ƙwallon ƙafa?

Saboda babu canji. Dole kowane kyaftin ya miƙa sunayen mutanensa kafin a jefa kwabo, kuma waɗannan goma sha ɗaya su ne za su ɗauki kwana biyar ɗin. Wanda ya shigo daga benci yana iya taimakawa wajen tsaron fili kawai, ba ya bugu, ba ya jifa. Babban sassaucin da aka yi shi ne na 2019, wanda ya ba da damar maye gurbin wanda ya samu buguwa a kai. Marnus Labuschagne ne ya fara amfana da shi a filin Lord's da ke Landan, bayan jifan Jofra Archer ya sami Steve Smith a wuya. Ya shiga ya ci maki 59, daga nan kuma ya zauna daram a tawagar Ostareliya. Sauran raunuka ba su da wannan gata. A 2025 Rishabh Pant na Indiya ya koma bugu da karyayyar ƙafa a Manchester, sannan a wasan ƙarshe na wannan gasa Chris Woakes na Ingila ya fito da hannu a rataye saboda gocewar kafaɗa. Kocin ƙwallon ƙafa yana iya gyara kuskurensa bayan hutun rabin lokaci, amma wanda ya saka masu jifan gudu huɗu a filin da ya dace da masu jifa a hankali suna murɗa ƙwallo sai dai ya zauna ya kalli kuskurensa har zuwa rana ta biyar.

Shin 'yan wasanni kaɗan suna isa a yanke hukunci kan mutum?

Ba sa isa, kuma tarihin wasan cike yake da shaida. Mai bugu kuskure ɗaya ke fitar da shi, wani lokaci ma ba kuskurensa ba ne, ƙwallo ce ta zo masa a yanayin da babu wanda zai iya tare ta. Wanda matsakaicin makinsa ya kai 45, wato gwani na gaske, zai yi ta fita da ƙasa da maki 20 a wani kaso mai yawa na shigarsa, domin manyan makin da yake ci jefi-jefi su ne ke ɗaga matsakaicin. Saboda haka faɗuwa sau biyar a jere abu ne da lissafi kansa ya tanadar wa gwani, ko da babu abin da ya lalace a wasansa.

Marvan Atapattu na Sri Lanka maki ɗaya tal ya samu a shigarsa shida na farko a Tes, sau biyar ya fita da sifili. Ya kammala rayuwar wasansa da ɗari-ɗari sau goma sha shida, shida daga ciki sun haura ɗari biyu, har ya zama kyaftin. Graham Gooch ya fita da sifili sau biyu a wasansa na farko a 1975, daga baya ya zama wanda ya fi kowa tara maki a tarihin Ingila na zamaninsa. Shane Warne na Ostareliya ya fitar da mutum ɗaya kawai a kan maki 150 a wasansa na farko da Indiya a Sydney a 1992, ya ƙare da fitar da mutum 708. Har Don Bradman na Ostareliya, wanda matsakaicinsa na 99.94 ya gagari kowa, an ajiye shi bayan wasansa na farko a 1928 inda ya ci 18 da 1. Da aka dawo da shi a wasa na uku ya ci 79 da 112, kuma ba a sake ajiye shi ba.

Sai dai a yi hattara da irin waɗannan labarai. Ana tuna su ne saboda ƙarshensu ya yi kyau. Akwai 'yan wasa da dama da suka fara da sifili, aka yi haƙuri da su, suka ci gaba da sifili, kuma babu mai ambaton sunayensu a yau.

To, har zuwa yaushe ya kamata a yi haƙuri da gwanin da hannunsa ya yi sanyi?

Babu adadin da aka rubuta, amma abin da ya faru a Ingila ya nuna illar gaggawa. A gasar Ashes ta 1989 Ingila ta yi amfani da 'yan wasa 29 a wasanni shida, Ostareliya kuwa 12 kacal, kuma Ostareliya ta yi nasara da ci 4–0. Ana iya cewa shan kashi ne ya jawo canje-canjen, ana kuma iya cewa canje-canjen ne suka jawo shan kashin, gaskiyar ita ce kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Graeme Hick da Mark Ramprakash sun fara Tes a rana ɗaya a 1991, kuma kowannensu ya ci ɗari fiye da sau ɗari a manyan wasannin cikin gida da na waje. Amma a Tes matsakaicin Hick bai wuce 31 da 'yan kai ba, na Ramprakash kuma 27, domin an yi ta saka su ana cire su har kowane shiga ya zame musu kamar jarrabawar ƙarshe. Mutumin da ya san kuskure ɗaya zai mayar da shi gida ba ya sakin jiki ya yi wasan da ya iya. Wannan na cikin dalilan da suka sa Ingila ta fito da kwantiragin hukuma ga 'yan wasanta a 2000.

A ɗaya ɓangaren akwai Alastair Cook na Ingila. A bazarar 2010 masu jifan Pakistan sun hana shi sakat, jaridu suna ta kiran a cire shi, sai ya ci 110 a filin Oval a watan Agusta. Watanni kaɗan bayan haka ya tara maki 766 a Ostareliya, Ingila ta lashe Ashes a can karo na farko tun kakar 1986–87. Mark Taylor, kyaftin ɗin Ostareliya, ya shiga bugu sau 21 a jere bai kai 50 ba, sannan ya ci 129 a Edgbaston a 1997, shekara ta gaba kuma ya ci 334 ba a fitar da shi ba a Peshawar. Virat Kohli ya shafe daga Nuwamban 2019 zuwa Maris 2023 bai ci ɗari a Tes ba, Indiya ba ta ajiye shi ba.

A ganina tambayar da ta dace masu zaɓe su yi ita ce ta yadda ake fitar da mutumin. Idan hanyoyin sun bambanta, yau an cafke ƙwallonsa a nesa, gobe alƙali ya yi masa tsauri, jibi abokin bugunsa ya jefa shi cikin gudun da bai dace ba, to mai yiwuwa rashin sa'a ne kuma zai wuce. Idan kuwa hanya ɗaya ce take maimaituwa, kamar yadda Kohli ya yi ta taɓa ƙwallon da ke wucewa ta gefensa ana cafkewa a baya a Ostareliya a kakar 2024–25, to abokan hamayya sun gano ƙofa, kuma haƙuri kaɗai ba ya rufe ta. Ruwa ba ya tsami banza.

Ana yawan ambaton Zak Crawley a wannan muhawara. Mene ne dalili?

Domin shi ne misali mafi bayyana na ɗan wasan da aka riƙe saboda abin da ake hasashen zai iya, fiye da abin da alƙaluma suka nuna. Crawley mai buɗe bugu ne na Ingila, ya buga Tes fiye da hamsin da matsakaicin da yake shawagi a wajen 30, abin da a da ba zai ba mutum rabin wannan dama ba. Ya ci 267 a kan Pakistan a 2020, shekara ta gaba matsakaicinsa ya faɗo zuwa kusan 11. Ya ci 189 cikin sauri a kan Ostareliya a Manchester a 2023, sannan a ƙarshen 2024 Matt Henry na New Zealand ya fitar da shi sau shida a shiga shida.

Tun da Rob Key ya zama daraktan tawagar a 2022, Brendon McCullum ya zama koci, Ben Stokes kuma kyaftin, hujjarsu ita ce suna son mai buɗe bugun da zai iya tarwatsa shirin abokan hamayya a ranar da ya tashi da ƙafar dama, ko da ranakun ba su da yawa. Masu suka suna ganin an mayar da shi shafaffe da mai, alhali wasu da suka fi shi maki a gasar gundumomi ba su samu ko kashi ɗaya cikin huɗu na damarsa ba. Duk ɓangarorin suna da abin faɗa. Abin da ba a musu a kansa shi ne haƙurin masu zaɓe ba a raba shi daidai, a kowace tawaga akwai 'yan mowa da 'yan bora, kuma sau da yawa kyan salon bugu ne ke raba su.

Me ya sa wani lokaci ake ajiye wanda ya yi bajinta a wasan da ya gabata?

Saboda zaɓe ba lada ba ne na abin da ya wuce, hasashe ne kan wasa mai zuwa. Karun Nair ya ci 303 ba a fitar da shi ba a kan Ingila a Chennai a Disambar 2016, ya zama Ba'indiye na biyu da ya kai ɗari uku bayan Virender Sehwag. A wasan Indiya na gaba, da Bangladesh, an ajiye shi domin Ajinkya Rahane, wanda ya riƙe wa gurbi, ya warke daga rauni. Ajaz Patel na New Zealand ya fitar da dukan masu bugun Indiya goma a zagaye ɗaya a Mumbai a Disambar 2021, abin da Jim Laker da Anil Kumble kaɗai suka taɓa yi kafinsa, amma ba a saka shi cikin tawagar da ta karɓi Bangladesh a gida wata guda bayan haka ba, domin filayen New Zealand masu ciyawa ba su da amfani ga mai murɗa ƙwallo. Indiya ma ta bar Ravichandran Ashwin a benci a wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya a 2023 a Landan, a lokacin da yake na ɗaya a jerin masu jifa na duniya, kuma ta sha kashi a hannun Ostareliya, har yau ana gardama kan wannan shawara.

Wanda ya fi kowa ban tausayi shi ne Andy Ganteaume na tawagar West Indies ta ƙasashen Karebiyan, wanda ya ci 112 a shigarsa ta farko a 1948 kuma bai sake buga Tes ba har abada.

Wane tasiri fili da irin ƙwallo ke yi a kan ganiya?

Tasirinsu yana da girman da wani lokaci abin da ake kira sanyin hannu ba komai ba ne illa sauyin ƙasa. A Ingila da tsibiran Karebiyan ana amfani da ƙwallon Dukes, wadda ɗinkinta ke daɗewa a tsaye kuma take lanƙwasa a iska. A Indiya ana amfani da SG. A Ostareliya da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashe kuma Kookaburra, wadda ke laushi da wuri. David Warner na Ostareliya ya tara maki 95 kacal a shiga goma a Ingila a 2019, Stuart Broad ya fitar da shi sau bakwai. Bayan 'yan watanni, a Adelaide, ya ci 335 ba a fitar da shi ba a kan Pakistan. Mutumin bai canja ba, abin da ke zuwa masa ne ya canja.

Pakistan ta ba da darasi kan wannan a Oktoban 2024. A wasan farko a Multan ta ci 556, Ingila ta mayar da 823, Harry Brook ya ci 317, Joe Root ya ci 262, Pakistan ta faɗi warwas. Sabon kwamitin zaɓe ya ajiye taurari uku a lokaci guda, wato Babar Azam da Shaheen Afridi da Naseem Shah, ya sa aka sake amfani da wannan busasshen filin, ya kuma kira masu murɗa ƙwallo biyu da aka yi watsi da su, Noman Ali da Sajid Khan. Su biyun suka fitar da mutum 39 cikin 40 a wasanni biyun da suka rage, Kamran Ghulam da ya maye gurbin Babar ya ci 118 a wasansa na farko, Pakistan ta lashe gasar da ci 2–1. Mai laya kiyayi mai zamani. Sai dai duk wanda zai kafa hujja da wannan wajen goyon bayan garambawul ya tuna cewa an gyara filin ne ya dace da mutanen da aka zaɓa, kuma wannan dabara a gida kaɗai take yiwuwa.

Shin maki a gasar cikin gida yana tabbatar wa mutum gurbi?

A da kusan haka ne, yanzu abin ya ragu. Gasar Sheffield Shield ta Ostareliya mai jihohi shida, da Ranji ta Indiya mai tawagogi 38, da gasar gundumomin Ingila, su ne matattarar da ake ɗebo 'yan wasa. Ostareliya ta fi riƙo da wannan al'ada: Adam Voges ya fara Tes yana da shekara 35 a 2015 saboda yawan makinsa a gida, Scott Boland kuma ya fara yana da 32 a Melbourne a 2021, ya fitar da mutum shida a kan maki bakwai. Ingila ta bi wata hanya. Ta tafi da Shoaib Bashir Indiya a 2024 alhali manyan wasanni shida kawai ya taɓa bugawa, saboda tsayinsa da yadda yake sakin ƙwallo daga sama, sannan ta saka Jacob Bethell a gurbi na uku a New Zealand bai taɓa cin ɗari a babban wasa ba. Hujjarsu ita ce filayen gundumomi a watan Afrilu suna fifita mai jifa mai matsakaicin gudu, irin wanda ba ya tsorata kowa a Perth ko Ahmedabad, don haka alƙaluman gida ba sa nuna wanda zai jure a waje. Akwai gaskiya a ciki, amma tsarin yana karya gwiwar wanda ya shekara goma yana tara maki a gundumarsa yana jiran kira.

Ana iya ajiye kyaftin?

Ana iya, ko da yake abu ne mai wuya. Al'adar Ostareliya ita ce a fara zaɓen goma sha ɗaya mafi cancanta sannan a naɗa ɗaya daga cikinsu. Ingila ta taɓa yin akasin haka da Mike Brearley, wanda bai taɓa cin ɗari a Tes ba kuma matsakaicinsa bai kai 23 ba, amma aka dawo da shi a tsakiyar Ashes ta 1981 saboda iya jagoranci, Ingila ta juya gasar ta yi nasara. A Janairun 2025 Rohit Sharma, kyaftin ɗin Indiya, bayan ya tara maki 31 kacal a shiga biyar a Ostareliya, bai buga wasan ƙarshe a Sydney ba, Jasprit Bumrah ya jagoranci tawagar. A watan Mayu Rohit da Kohli suka yi ritaya daga Tes, aka naɗa Shubman Gill, wanda ya tara maki 754 a gasarsa ta farko a matsayin kyaftin a Ingila.

Idan tsoho yana taka rawar gani, me zai sa a sallame shi?

Saboda masu zaɓe suna kallon gasar da ke tafe nan da shekara ɗaya ko biyu. James Anderson yana da shekara 41 kuma bai daina fitar da mutane ba lokacin da shugabannin tawagar Ingila suka sanar da shi a 2024 cewa za su fara gina masu jifan da za su je Ostareliya a ƙarshen 2025. Ya yi bankwana a Lord's a watan Yuli da wasanni 188 da fitar da mutum 704. A wannan wasan ne Gus Atkinson ya fara, ya fitar da mutum goma sha biyu. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma Ingila ta ɗanɗana hakan a 2022, lokacin da ta bar Anderson da Broad a gida ta je Karebiyan ta sha kashi, ta dawo ta kira su. Ga mai jifan gudu akwai kuma batun jiki: bayansa da gwiwarsa ba sa ɗaukar wasanni biyar a makonni shida ko bakwai, shi ya sa ake hutar da shi ko da yana kan ganiyarsa.

Gajerun wasanni masu kuɗi sun shafi zaɓe?

Sun shafe shi ƙwarai. A Fabrairun 2024 Afirka ta Kudu ta tura tawagar da yawancinta sababbi ne zuwa New Zealand, ƙarƙashin Neil Brand wanda bai taɓa buga Tes ba, saboda manyan 'yan wasanta suna gasar SA20 ta gida wadda ke kawo wa hukumar kuɗi. An doke su a wasanni biyun. A cikin watan na Fabrairu kuma hukumar Indiya ta cire Shreyas Iyer da Ishan Kishan daga jerin masu kwantiragi bayan sun ƙaurace wa wasannin Ranji. Wata matsalar ita ce auna ganiya ya ƙara wuya, domin ɗan wasa yana iya zuwa Tes bayan wata biyu yana buga wasan sa'o'i uku da farar ƙwallo, ba tare da wasan share fage ko ɗaya da jar ƙwallo irin ta Tes ba.

Akwai lokacin da abin da ba wasa ba yake shiga cikin zaɓe?

Akwai, kuma Afirka ta Kudu ce babban misali. Basil D'Oliveira, haifaffen Cape Town wanda dokokin wariyar launin fata suka hana shi wakiltar ƙasarsa, ya koma Ingila, ya ci 158 a kan Ostareliya a Oval a 1968, amma aka bar shi daga tawagar da za ta je Afirka ta Kudu. Da aka saka shi daga baya a madadin Tom Cartwright, gwamnatin Afirka ta Kudu ta John Vorster ta ƙi amincewa, aka soke tafiyar, kuma daga 1970 aka ƙaurace wa ƙasar har zuwa 1991. Bayan faɗuwar wariya hukumar ƙasar ta kafa ƙa'idar cewa a matsakaicin kaka tawaga ta ƙunshi mutum shida da ba farare ba, biyu daga cikinsu baƙaƙen fata. Temba Bavuma ya sha gorin cewa wannan ƙa'ida ce ta riƙe shi, musamman da yake ya ci ɗarinsa na farko a Janairun 2016 kuma bai ci na biyu ba sai a Maris 2023. Shi ne ya ɗaga kofin gasar Tes ta duniya a Lord's a Yunin 2025, bayan ya ci 66 yana ɗingishi a zagayen ƙarshe da Ostareliya.

Wanda aka ajiye yana dawowa?

Wasu suna dawowa, kuma sau da yawa ta ƙofar da ba su zata ba. Usman Khawaja na Ostareliya ya yi fiye da shekara biyu a waje, sai Travis Head ya kamu da korona, aka kira Khawaja a Janairun 2022 ya riƙe gurbi na wasa ɗaya a Sydney, ya ci 137 da 101. Da Head ya dawo, Marcus Harris aka ajiye, Khawaja ya koma buɗe bugu ya riƙe gurbin shekaru. Fawad Alam na Pakistan ya ci 168 a wasansa na farko a 2009, aka ajiye shi bayan wasanni uku, bai dawo ba sai a 2020, ya kuma ci ɗari sau huɗu a cikin kusan shekara guda bayan dawowarsa. Karun Nair, mai 303 ɗin nan, ya jira shekara takwas yana tara maki a gida kafin a sake kiransa zuwa Ingila a Yunin 2025. Ya fita da sifili a shigarsa ta farko a Leeds, aka ajiye shi a wasa na huɗu, aka dawo da shi a na biyar ya ci 57 a Oval, wasan da Indiya ta ci da tazarar maki shida. Da aka fitar da jerin 'yan wasan da za su karɓi West Indies a watan Oktoba, babu sunansa a ciki.